Akuyar Hajiya da Kwandon Mai Lambu

'Yata ta fari ba nonon uwarta ne ya raya ta ba, nonon akuya ne. Akuyar kuma ba harawa ta ci ba, ba dusa ba, sai abin da masu lambu ke zubarwa: ganyen kabeji na waje wanda tsutsa ta huda, kan karas, latas ɗin da ya yi yaushi, yaɗon dankali. In na faɗa wa 'ya'yanta haka yanzu sai su yi dariya, su ɗauka tsokanar kaka ce.

A shekarun hamsin ne, Turawa ba su tafi ba tukuna amma ana ta maganar tafiyarsu. Muna zaune a unguwar Mandawari, cikin birni, a gidan gado, ni da Yayana. Gidan na ubanmu ne, amma tun da aka binne tsohon, Yaya ya riƙa taku a cikinsa kamar shi ya kwaɓa ƙasar ginin. Shi ya cire ni daga elemantare ban gama ba, wai karatun ya isa haka, in zo in taya shi tsaron rumfa. Rumfar ba ta yi ƙarko ba. Na ƙare a wani sito na fatu, ina shafa lamba da tawada a jikin dila. Fatun awaki ba iyaka sun bi ta hannuna, amma ban taɓa kiwon ko ɗaya ba. Ni akuya sai an feɗe ta nake saninta.

Maiɗakina marainiya ce, ba ta da gidan da za ta tafi wankan jego, don haka a ɗakinmu ta haihu. Ba a daɗe da yin suna ba zazzaɓi ya kwantar da ita. Ta rame, idonta ya faɗa, ruwan nono ya ƙafe ƙaf. Jaririya ta kama, ta ja, ba komai, ta saki ta tsala kuka.

Matar Yaya a lokacin tana goyon namiji, ya kusa yaye. Na sami Yaya a zaure yana cin goro.

"Yaya, yarinyar nan ba abin da take samu. Ko za ka yi wa matarka magana ta riƙa haɗa ta da nata?"

Ya tauna goronsa ya gama tukuna. "To ai ka san hukuncin. In ta sha nononta sun zama wa da ƙanwa, aure ya haramta tsakaninsu. Ni kuwa na riga na yi wa ɗana kamu."

"Kamun wa? Wadda ko cibiyarta ba ta gama warkewa ba?"

"Matsalarka ke nan. Ɗan bokon da ka lasa ya hana ka hangen nesa."

Ba wani hangen nesa. Matarsa ce ba ta so, shi kuma tsoronta yake ji, sai ya nemo hukunci ya fake a bayansa. Na daɗe da yafe masa abubuwa da yawa don ya riga mu gidan gaskiya, amma wannan goron da ya tsaya taunawa har yau ina jin ƙararsa.

Katangarmu ɗaya da wata tsohuwa, kowa Hajiya yake ce mata. Jikar Larabawan nan ce da suka zo fatauci ta hamada suka zauna, fara, 'yar ƙarama, ga masifa. Tana kiwon awaki a bayan gidanta, kuma tana zuba nononsu a shayi, abin da matan unguwa ke gulmarta da shi. Mu a wurinmu nono na saniya ne, wanda Fulani ke kawowa. Babba ya sha nonon akuya? Ƙazanta ce, haka muka taso muka ji, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Wata safiya sai ga ta har tsakar gidanmu, ba aike ba komai, tana jan wata jar akuya da igiya.

"Kai, mai fatu! Kun hana ni sukuni, kai da 'yarka. Ungo nan."

Na tsaya ina kallonta.

"Riƙe mana, ko sai ta yi maka sallama? Aro na ba ka, ba kyauta ba. In ka bari ta rame, kai zan ɗaure a turken."

Ita ta koya mini tatsa. Ta sa na tsuguna, ta kama hannuna ta ɗora a hantsar, tana zagina duk lokacin da na ja da ƙarfi. Ta nuna mini yadda ake tafasa nonon, a sirka da ruwan da aka dafa, a bar shi ya huce, a ba yarinya da ƙaramin cokalin shayinta. Yarinya ta sha. Ta yi shiru, ta yi barci, gidan ya zama kamar an ɗauke wa kowa kaya daga ka.

Sai dai rani ne. Ko tsinken ciyawa babu a cikin birni. Harawa ta yi tsadar da ba ta mai shafa lamba a dila ba ce. Dusar gidan kuwa matar Yaya ke surfe, ragonta take ba wa. Akuya ta fara cin gefen tabarma, ta cinye mini rabin hula, nonon kuma kullum raguwa yake. Abin da ke cika kwano ya koma sai an karkata kwanon kafin cokali ya samu.

Ranar da ba aiki na ɗauki lauje na aro, na fita ta Ƙofar Dawanau, ina neman ko wane irin kore in yanka. Na yi tafiya mai nisa ban ga komai ba sai busasshiyar ƙasa, har na hango wani lambu a cikin kwari, jigo na hawa yana sauka a bakin rijiya. Wani dattijo ne a zaune da wuƙa yana gyaran kabeji, wanda ake kai wa Turawa da Kwarori, Larabawan nan masu kantuna. Yana ɓare ganyen waje yana wurgawa baya. Bayan nasa tsibi guda, har da kan karas da latas.

Na yi sallama, muka gaisa. Na ce, "Baba, wannan tarin fa?"

"Na jakina ne. Abin da ya bari kuma taki."

"In ɗiba?"

Ya dube ni daga hula har takalmi. "Miya za ku yi? Birnin ya lalace haka?"

Na ce akuya ce. Ya ce akuya ai ta saba da wuya, in bar ta ta yi yawon bola kamar 'yan'uwanta. Dole na yi bayani, ina kauce-kauce. Na ce wata yarinya ce a gidanmu, uwarta ba lafiya, nonon akuyar take sha.

"Wata yarinya," in ji shi. Ya yi murmushi. "Ta fari ce ke nan."

Ya tashi ya ɗauko wani tsohon kwando ya cika da hannunsa, yana zaɓe, yana jefar da wanda ya ruɓe. Ya ce kada in ba ta da raɓa a jiki, in shanya a inuwa ya ɗan sha iska, kuma kada kabejin ya yi yawa don yana kumbura ciki. Yaɗon dankali kuwa in ba ta iyakar cinta. Na sa hannu a aljihu, ya daka mini tsawa.

"Shara zan sayar maka? Ɗauki ka tafi, malam na birni. Gobe ka dawo mini da kwandona."

Haka na shiga zuwa kullum. In yi sallar asuba, in kama hanya, in dawo da kwando a ka kafin lokacin sito. Ruwan ganye na bin wuyana yana ɓata mini riga. Masu zaman dakali na unguwa suka sami abin yi. "Ga mijin akuya nan!" "Malam, yaya mai jegon? Ta tashi lafiya?" Wani har tasowa yake ya leƙa kwandon ya ce in sam masa na miya. Yaya ya kira ni ya ce ina zubar wa gidanmu mutunci, ɗan gidan nan da tallar shara, kuma a kan 'yar fari, ko kunya babu. Na ce masa in yana da wani mutuncin da ake tatsa ya kawo in ba ta. Mun daɗe ba ma magana bayan wannan.

Akuya kuwa ta murmure. Gashinta ya kwanta yana sheƙi, hantsa ta cika, kwano ya koma cika har da kumfa. In ta hango ni da kwando tun daga zaure take fara kuka tana jan igiya. Kan karas ta fi so, sai ta tone shi daga ƙasan tari ta bar kabeji sai ƙarshe, kamar yaro da tuwo da nama. Yarinya ta yi kumatu. Uwarta ta fara iya zama ta jingina da bango ta riƙe ta, ko da yake nononta bai dawo ba.

Sai lokacin cirar albasa ya zo. Wata safiya na tarar dattijon ya ɗora wani ƙaton dami a kan kwandon, kore shar. Lawashi ne, ganyen albasa.

"Wannan ba shara ba ne," in ji shi. "Matan gidana na nema don miya na hana su. Na ce na akuyar birni ne, ita ma ta ji daɗi."

Na yi godiya har da rusunawa. Akuya ta far masa kamar ta shekara tana jiransa, ko kan karas ba ta kalla ba. Kashegari ya ƙara mini, jibi ma haka. Tsakar gida, rigata, hannuna, komai warin albasa yake, har hancinmu ya saba ba ma ji.

Yarinya ta fara ƙin nono. Da farko kau da kai take yi. Daga baya in cokali ya taɓa leɓenta sai ta ƙanƙame baki, ta banƙare, ta yi ta ihu. Wanda ya shiga ta furzo shi. Matar Yaya, wadda a lokacin ta yaye nata har ta sami wani cikin, ta ce a kawo ta a yi mata ɗura. Ta matse ta a cinya, ta tara nonon a tafin hannu ta toshe mata hanci. Ya shiga, ya dawo duka a kan zanenta. Kumatun nan suka zube. Maɗigarta ta faɗa, kana ganin ramin yana motsi. Kukan ma ya koma ƙarami kamar na ɗan kyanwa.

Hajiya ba ta nan, ta tafi unguwar Soron Ɗinki jinyar 'yarta. Gida ya cika da masu sani. Wannan ta ce baki ne, yarinyar ta yi kyau da wuri. Waccan ta ce iska ce, an bar ta a tsakar gida da magariba. Aka karɓo rubutu, aka yi hayaƙi har uwarta na tari. Matar Yaya kuwa ta samo nata.

"Ni dai tun farko abin bai kwanta mini ba. Mutum ba danginka ba, ba ka san asalinsa ba, kullum ya cika maka kwando kyauta? Don Allah wa ke haka? Kurwar yarinyar yake bi ta cikin ganyen."

Matan suka ɗauki salati. Yaya ya leƙo ya ce daga yau kada in ƙara taka lambun nan, akuyar ma a mayar wa mai ita. Na dubi nonon da ke kwano, fari tas, ba gudaji, ba canjin launi. Na juya shi, na ɗaga shi a rana. Duk mun kalle shi, mu duka. Ba wanda ya zo masa a rai ya kai baki.

Na tafi Soron Ɗinki na ɗauko Hajiya. Tun daga can take yi mini faɗa har gida, wai me ya sa sai yanzu. Ta shiga, ta taɓa kan yarinyar, ta buɗe bakinta ta duba. Sai ta ce a miƙo mata kwanon. A gaban matan nan duka ta kafa kai ta kurɓa. Wata ta ce, "A'uzubillahi!" Hajiya ta juya shi a baki, ta tofar a ƙasa.

"Wane ɗan banza ne yake yi wa jaririya miyar albasa?"

Ta juyo kaina.

"Me kake ba akuyata?"

Na nuna mata damin lawashi a gindin turke.

"La'ilaha illallahu. Abin da akuya ta ci ai shi ke fita a nononta, kai mai fatu! Ko ni da haƙorana suka zube ba zan sha wannan ba. Duk gidan nan, masu gemu da masu ɗankwali, an rasa mai sa harshe? Kun yi hayaƙi, kun yi rubutu, ɗanɗanawa ce ta gagare ku?"

Matar Yaya ta fara cewa ai mai lambun ne. Hajiya ta juya mata. "Ke, rufe mini baki. Maye ne ya shuka albasar, ko maye ne ya hana ki ɗanɗanawa?"

Ta sa na share lawashin tas, na wanke wurin. Ta ce in tatse akuyar in zubar, in ba ta ruwa da yawa da ganye mai sanyi, in yi ta tatsa ina zubarwa har warin ya fita. Kafin nan ta jiƙa dabino a ruwan da aka dafa, tana ɗiga wa yarinyar a baki kaɗan-kaɗan. Na ce, "Hajiya, za ta kai?" Ba ta dube ni ba. Ta ce in tafi in nemo ganye in bar tsayuwa a kanta.

Da tsakar rana na isa lambun, ƙasa na ƙona ƙafa. Dattijon ya yi mamakin ganina a wannan lokaci. Na faɗa masa yadda aka yi, ban ƙara ba ban rage ba, sai maganar maita da na bari a cikina. Ya saki igiyar jigo ya zauna a bakin rijiya.

"Ni na yi wannan?"

"Ba kai kaɗai ba, Baba. Ni na ɗauka na kai mata."

"Wallahi gata na yi mata. Mu akuya don ta haihu muke kiwonta, ba ma tatsa. Tun da nake ban taɓa sanin ɗanɗanon nononta ba." Ya riƙe kai. "'Yar mutane."

Ya miƙe ya ɗauki wuƙa. Bai nufi tsibin shara ba. Ya shiga fangalin latas, wanda zai kai kasuwa gobe, ya riƙa yankowa daga tushe. Na ce Baba wannan ai na sayarwa ne. Ya ce in matsa in ba shi wuri. Ya yanko yaɗon dankali mai yawa ya haɗa, ya ɗaure a kan jakinsa, ya ce mu tafi. Na ce zan iya ɗauka. Ya ce ba ɗaukar ba ce, shi ba zai iya zama a nan ba.

Haka muka shigo birni, shi da jaki a gaba ina biye. Masu zaman dakali suka buɗe baki za su fara, suka ga fuskarsa, suka fasa. Ya sauke kayan a ƙofar gida, ya zauna a zaure. Yaya ya fito ya same shi, dole ya miƙa masa hannu, har da kawo masa ruwa, mutumin da aka gama kira maye a gidan da safe. Ya zauna har la'asar ta yi sanyi sannan ya tafi. Kashegari ina idar da sallar asuba na ji kukan jaki a waje. Ya dawo da wani kayan.

Na tatsa da safen. Hajiya ta miƙo mini kwanon. "Sha."

Na tsaya.

"Sha mana! 'Yarka ce ko tawa?"

Na kurɓa. Ɗumi, da ɗan zaƙi, sai can a ƙarshen harshe albasar ta taso. Na gaya mata. Ta ce zubar. Na zubar a gindin bango ina jin kamar jinina nake zubarwa, don yarinyar a lokacin ko kukan ta daina, ido kawai take buɗewa ta rufe. Uwarta na riƙe da ita.

Ban je sito ba ran nan. Na zauna gaban akuya ina miƙa mata latas ganye-ganye, ina cika mata ruwa. Ita ko a jikinta, tana tuƙa tana kallona. Da azahar na sake tatsa, na sha, da saura kaɗan. Na zubar. Dattijon na zaure, duk fitowar da na yi sai ya ɗaga kai, in girgiza masa nawa.

Bayan la'asar na tatsa ɗan abin da ya taru, bai fi rabin kofin shayi ba. Na kurɓa na riƙe a baki, ina nema. Ban ji komai ba sai nono. Na ba Hajiya, ta ɗanɗana, ta ce a ɗora a wuta.

Da ya huce ta kai cokali. Yarinyar ta kau da kai, ta riga ta san cokalin. Hajiya ta ajiye shi, ta tsoma ɗan yatsanta ta shafa mata a leɓe. Shiru. Ta sake shafawa. Sai muka ga ɗan harshen ya fito ya lasa. Ta sake tsomawa, yarinyar ta kama yatsan ta fara tsotsa, har Hajiya ta ce, "Kai, 'yar nema, za ki cire mini farce." Daga nan aka koma cokali. Ta shanye, ba ta dawo da shi ba. Da aka ɗauke kofin ta buɗe baki ta tsala kuka mai ƙarfi, irin na da. Uwarta ta sunkuyar da kai tana hawaye, Hajiya na yi mata faɗa wai za ta jiƙa yarinya.

Na fita zaure. Dattijon ya miƙe tsaye kafin in yi magana.

"Wannan kukan fa?"

"Na ƙari ne, Baba. Ta sha."

Ya ce alhamdu lillahi, ya maimaita, ya shafa fuska. Na fara yi masa godiya, na kama hannunsa da hannu biyu na riƙe. Ya bar ni na ɗan lokaci, sannan ya zare hannunsa ya fita ya kwance jakinsa.

"Bari in kama hanya, lambun bai sha ruwa ba tun jiya," in ji shi. "Gobe ka zo da wuri. Kuma duk abin da na sa a kwandon nan, ka tsaya mu shinshina tare kafin ka ɗauka."